Barka da Sallah daga Liyon

Assalamu alaikum Inna,

Barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Auta. Mun sauko idi tun da hantsi. A nan Faransa ba a yanka a gida, sai a mayanka, don haka nawa ragon a leda ya iso mini. Na zauna ina tuna yadda ake tsire raguna a kan itace a ƙofar gidanmu a Bagalam, wuta a tsakiya, hayaƙi ya cika unguwa har dare.

Inna, akwai abin da nake yi tun azumi ban gaya muku ba. Hotunan da Auta ke turo mini ta WhatsApp na kai an wanke su a takardar hoto, sittin da 'yan kai. Da na taso daga aiki sai in ɗauko reza da gam da kwali, in yanka, in lanƙwasa, in tsayar. Gidanmu nake ginawa a kan teburi. Takardar tana da tauri, in ka naɗe ta da gaggawa sai fuskar ta tsage, sai an bi ta bayanta da gindin reza a hankali. Katanga da hotunan katangarmu na yi ta, har tsaguwar da damina ta bari ta fito. Bedin tsakar gida ya ci mini dare huɗu, ganye ɗaya-ɗaya. Jar akuyarki na nan a turke.

Baba ne ya ba ni wuya. Hotonsa ɗaya gare ni, na katin ɗan ƙasa, bai kai kan yatsa biyu ba. Na rasa hannun da zan sa masa reza. Haka na jingina shi a zaure, inda yake shimfiɗa buzunsa bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ƙyauren zaure kuma babu shi a ko wane hoto, kullum a buɗe yake ana tsaye a gabansa. Kin san shi ne Kaka ke cewa an ɗauko a ka daga tsohon garin Maraɗi, shekarar 1945 da Gulbi ya cinye gidaje aka hau tudu. Wurinsa na nan fayau, kuma ba na son in toshe da kwali.

Don Allah gobe, kafin a fita rabon nama, Auta ta rufe shi ta ɗauko mini hotonsa, ciki da waje, da safe kafin rana ta yi ƙarfi. Ke ma Inna, ki daure ki daina juya wa waya baya. Duk hotunanki mayafi nake gani. Na bar miki wuri kusa da murhu.

Na aiko da goron Sallah ta hannun Yaya. A sa ni a addu'a.

Ɗanki