Mu Koya wa Ɗalibanmu Lissafin Maganaɗisu a Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin jami'o'inmu da kwalejojinmu na fasaha zuwa ga manhajojin da ake zana maganaɗisun manyan na'urorin ingiza ƙwayoyin zarra da su. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan Sakkwato da wannan, alhali muna fama da wuta da ruwan sha. Amsata ita ce, na'urar ta fi ƙarfin aljihunmu, amma ilimin zana ta bai fi ƙarfin ɗalibin da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka ba.

Babbar na'urar irin wannan tana CERN, cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta ƙasashen Turai, kusa da birnin Janiba, a kan iyakar Siwizalan da Faransa. Zobe ce mai kewayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, kuma a cikinta aka gano ƙwayar Higgs, wadda masana fiziks suka daɗe suna nema, a shekarar 2012. Ƙwayoyin da ke gudu a ciki suna kewaye zoben fiye da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma abin da ke lanƙwasa tafiyarsu shi ne maganaɗisai 1,232, kowanne tsawonsa ya kai mita 15, ƙarfinsa kuma ya haura tesla 8 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu). Wayar tagulla ba za ta ɗauki wutar da ake buƙata ba, wadda ta kusa amfiya 12,000, sai ta narke. Saboda haka ake amfani da wayar niyobiyam da titaniyam, wadda idan aka sanyaya ta da ruwan hiliyam zuwa digiri 271 ƙasa da sifiri, wuta ke ratsa ta ba tare da wata turjiya ba. Wannan ɗabi'a ta wasu ƙarafa, Kamerlingh Onnes ne ya gano ta a Leiden ta ƙasar Holan tun 1911.

Inda manhaja ta shigo shi ne wajen jera wayar. Ƙarfin maganaɗisun a cikin bututun da ƙwayoyin ke bi dole ya zama iri ɗaya ta kowane ɓangare, kuma kuskuren da ake iya haƙuri da shi bai wuce 'yan kaso kaɗan cikin 10,000 ba, domin ƙaramar karkata da za a maimaita sau miliyoyi takan watsa ƙwayoyin su daki bango. Mai zane sai ya yanke shawarar yawan rukunonin waya, da kusurwar da kowane rukuni zai zauna a kai, da kaurin tagullar da za a cusa tsakaninsu, da yadda za a lanƙwasa wayar a ƙarshen maganaɗisun ba tare da ta lalace ba. Ga kuma ƙarfen da ke kewaye da naɗin wayar, wanda yakan ƙoshi, wato ya kasa ɗaukar ƙarin maganaɗisu, idan ƙarfin ya wuce tesla 2, daga nan kuma lissafin alƙalami da takarda ya daina aiki. Domin wannan ne Stephan Russenschuck ya fara rubuta manhajar ROXIE a CERN a farkon shekarun 1990. Manhajar tana lissafa ƙarfin maganaɗisun, ta gwada tsare-tsare masu ɗimbin yawa, ta riƙa tace su har a kai ga wanda ya fi dacewa, tun ba a yanka ko taƙi ɗaya na waya mai tsada ba.

Lissafin bai tsaya nan ba. Wutar tana tura naɗin da ƙarfin da ya kai nauyin ɗaruruwan tan a kowace mita, kuma idan waya ta ɗan motsa, gugar da ta yi ta isa ta ɗumama wurin har turjiya ta dawo. Da zarar haka ta faru, makamashin da ke ajiye a maganaɗisun sai ya nemi juyewa zuwa zafi a wuri ɗaya, don haka akwai manhajoji na musamman da ke kwaikwayon wannan yanayi domin a san cikin wane ɗan lokaci ya kamata a janye wutar. A nan ya dace in ce manhaja ba ta maye gurbin awo da ƙwarewar hannu. Ranar 19 ga Satumba, 2008, mahaɗar waya guda ɗaya tsakanin maganaɗisai biyu ta ƙone a CERN, tan-tan na hiliyam ya kwarara, aka ciro maganaɗisai 53, kuma na'urar ba ta koma aiki ba sai a Nuwamba 2009.

Dalilin da ya sa nake ganin abin ya shafe mu shi ne, dokokin Maxwell na lantarki da maganaɗisu da waɗannan manhajoji ke warwarewa su ne dai ke tafiyar da taransifomar unguwa, da injin famfon rijiyar burtsatse, da janareta, da na'urar MRI ta ɗaukar hoton cikin jiki a asibiti, wadda ita ma maganaɗisunta na wayar niyobiyam da titaniyam ne, mai ƙarfin tesla 1.5 ko 3. ROXIE sai da lasisi daga CERN, wasu kuma irin su Opera da COMSOL kuɗinsu da nauyi. Amma FEMM kyauta ce, haka Gmsh da GetDP waɗanda ake raya su a Jami'ar Liège ta Beljiyam, kuma ba sa buƙatar wata gagarumar kwamfuta. Ɗalibin da ya iya zana naɗin waya a cikinsu, ya ga inda ƙarfe ya ƙoshi da inda zafi ke taruwa, ya mallaki tushen aikin da injiniyoyin Janiba ke yi. Kuma a ganina zai fi amfanar masu naɗin waya da ke cikin garin nan, waɗanda Allah ya hore wa basirar hannu amma ba su samu wanda zai yi musu lissafi ba, fiye da ɗalibin da ya haddace dokokin ya zuba su a takardar jarrabawa.

Wani abin da ke sosa rai shi ne, niyobiyam ɗin da ake wannan waya da shi daga ma'adinin kwalambayit ake samunsa, kuma a shekarun 1950 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi daga tsaunukan Jos. Yau Burazil ce ke riƙe da mafi yawan kasuwar. Mun sayar da ɗanyen dutse, ba mu koyi abin da ake yi da shi ba.

Don haka nake kira ga sassan kimiyyar lissafi, da fiziks, da injiniyancin lantarki na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Jami'ar Jihar Sakkwato, da kwalejojinmu na fasaha, da su ware zango guda na koyar da lissafin maganaɗisu da waɗannan manhajoji na kyauta, a haɗa shi da awo a ɗakin gwaji, yadda ɗalibi zai naɗa waya da hannunsa ya kwatanta abin da ya auna da abin da kwamfuta ta faɗa masa. Hukumar TETFund kuma ta taimaka da kwamfutoci da wutar sola ga ɗakunan, sannan malamai su ƙarfafa wa ɗalibai gwiwar neman gurbi a makarantar fiziks ta Afirka da aka fara a 2010, da shirin horon bazara na CERN.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin kimiyya,
Sakkwato.