Jama'a a tausaya ma maɗaci

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan maɗaci, don abin da nake gani a Katsina ya fara damuna.

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da tsohuwa ya san jiƙon maɗaci. Mu dai kakarmu, Allah ya jiƙanta, tana da wani ɗan kasko a bayan randa da sassaƙe a ciki kullum, ruwan ya yi jawur, da ka ce cikinka na murɗa sai ta ce zo nan ɗan nema, ta ɗebo maka a ludayi ta tsaya a kanka sai ka shanye, wallahi har yau in na tuna sai na ji ɗacin a maƙoshi. Ana shan shi don ciwon ciki da tsutsar ciki da zazzaɓi, a dafa a wanke gyambo da ƙuraje, Fulani ma na ba shanu. Amma fa ban ce mai maleriya ya zauna gida yana ɗirkar jiƙo ba, a je a yi gwaji, mai ciki kuma ta kiyaye.

To ga inda gizo ke saƙar. Mutanen da can in za su ɗibi sassaƙen sai su sassaƙi gabas da yamma, ɗan tafin hannu, su shafe wurin da laka. Yanzu kuwa mutum zai zo da gatari da buhu da asuba ya kwashe ɓawon zagaye kamar ana fiɗar rago. Alhali ta ƙarƙashin ɓawon nan ne abincin da ganye ya haɗa ke sauka zuwa saiwa, in ka zagaye shi ka yanke mashi hanya kenan. Akwai wani ƙato a hanyar gonarmu da mutum 2 ba su iya rungume shi, bara aka yi mashi haka, bana ko ganye ɗaya bai fitar ba, masu itace har sun fara zagayen shi.

Ina roƙon ma'aikatar muhalli da masu unguwanni su zauna da masu maganin gargajiya a kan wannan. Kuma in za a raba dashe da damina a riƙa sa maɗaci a ciki, ba kullum bedi ba.

Naku,
Mai karatu daga Ƙofar Marusa, Katsina