Edita, ku leƙa Gembu da Serti ba sai an yi rikici ba

Assalamu alaikum Edita,

Da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, ya aiki ya ƙoƙari, Allah ya taimaka. Ni tsohon mai karanta jaridar nan ne kuma yau ƙorafi na kawo, amma ƙorafin na gida ne. Duk sanda naga sunan Mambila a shafinku to ɗayan biyu ne, ko rikicin manoma da makiyaya irin wanda akayi a 2017, ko kuma zancen dam ɗin lantarkin nan mai megawat 3,050 da tun muna samari ake cewa za a gina gashi har mun fara furfura ba mu ga ko fitila ɗaya ba. Shi yasa da aka gayyace mu ɗaurin auren ɗan wani aminina a Gembu da ke kan tsaunin na Mambila a jihar Taraba cikin watan Janairu sai da maiɗakina ta tambaye ni wai lafiya kuwa ake zuwa can? Ban ga laifinta ba, abinda take ji kenan.

To mun je mun dawo, kuma wallahi tunda nake yawo a ƙasar nan ban taɓa ganin wuri irin wannan ba.

Mu huɗu ne a mota, mun kwana a Jalingo muka yi sammako bayan asuba, muka bi ta Garba Chede zuwa Bali, daga nan Serti, sai Mayo Selbe wanda shine gari na ƙarshe a ƙasa kafin a fara hawa. Tafiyar ta cinye mana kusan yini guda, ba don nisa kaɗai ba, hanyar ce wani wurin kwalta wani wurin rami wani wurin kuma sai dai kace a da can an taɓa yin kwalta. Daga Mayo Selbe ne ake shiga hawan da suke kira Biyu da Sisi. Wani dattijo da muka rage wa hanya yace sunan ya samo asali ne daga ladan dako, wai sule biyu da sisi ake biyan mai ɗaukar kaya ya hau da shi a ka zamanin da babu mota, ni dai da na kalli tsayin wurin sai nace lallai an cuci mutanen da. Kwana ce bayan kwana, dutse a hannu ɗaya rami a ɗaya hannun, direbanmu da tun daga Jalingo yake zuba surutu sai gashi yayi tsit yana ta salati a ciki, kunnena kuma ya toshe kamar wanda ya shiga jirgi. Duk wanda zai je don Allah ya duba birki da ruwan lagireto tun a Serti, kuma kada ya hau da dare.

Kana gama hawan sai kaga kamar an canza maka ƙasa. Tuddai ne a jere iya ganinka, shanu manya manya suna kiwo babu mai korar ƙuda, saboda tsayin wurin ya kai wajen mita 1,600 ƙudan tsando ba ya damunsu kamar a ƙasa, shi yasa Fulani suka daɗe da kama wurin. Ga layin itacen turare da mutanen can ke kira zaiti ko'ina, da shi suke katako da shi suke girki. Muka wuce Maisamari muka isa Nguroje wajen la'asar, a nan ne sanyi ya fara gaya min gaskiya. Ni da na taso a Zariya ina ganin na san hunturu, ashe wasa muke, sanyin can ba mai ƙura bane irin namu, wani ɗanyen sanyi ne mai shiga ƙashi, da asuba kuwa sai da aka ɗora min ruwa a wuta kafin na iya alwala kuma ban ji kunya ba.

Gembu kanta ba wani babban birni bane, hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna ce, tana kwance a kan tudu kogin Donga yana can ƙasa. Abinda ya burge ni shine cakuɗuwar jama'a, ga 'yan ƙabilar Mambila ga 'yan ƙabilar Kaka ga Fulani ga 'yan uwanmu Hausawa 'yan kasuwa da suka haifi 'ya'ya da jikoki a can, a kasuwa zaka ji Fillanci yafi yawa amma ba wanda muka yi wa Hausa bai amsa ba. Mun ci tuwon masara da wani ganye da suke kira kumbi, mun sha nono mai kauri, fiya kuwa da ayaba sai kace kyauta idan ka kwatanta da kuɗinsu a wajenmu. Tsofaffin Land Rover ɗin nan da muke gani a hoto har yanzu suna aiki a can, an lafta musu buhuna da mutane a sama suna hawa tudu suna hayaƙi. Washegarin ɗaurin aure aka kai mu Kakara gonar shayi, inda ake yin Highland Tea, ganyen an yi masa aski daidai wa daida tudu bayan tudu. Na tsaya ina tunanin irin shayin da muke sha a arewa safe da yamma, teburin mai shayi a kowace kwana, amma yawancinmu ba mu ma san ana noma ganyen a ƙasarmu ba.

Wani abu da nake ganin ya kamata yaranmu su sani, wannan yanki ba tun farko yake cikin Najeriya ba. Jamusawa ne suka fara riƙe shi a matsayin wani ɓangare na Kamaru, bayan yaƙin duniya na ɗaya ya koma hannun Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama mutanen suka zaɓi Najeriya, aka kira yankin Lardin Sardauna. To sunan ƙaramar hukumar daga nan yake. Ni kaina da nayi shekaru ina koyarwa sai a can na haɗa zaren labarin da kyau.

Yanzu ga inda ƙorafin nawa yafi ƙarfi. A hanyar dawowa biyu daga cikinmu suka ce a wuce kawai, ni da ɗayan muka dage sai mun tsaya a Serti, domin nan ne ofishin gandun dajin Gashaka Gumti yake, kuma a tafiyar zuwa mun wuce allonsa ko waiwaye ba mu yi ba kamar yadda kowa ke yi. Edita wannan fa shine gandun daji na tarayya mafi girma a Najeriya, an kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, wato kusan ninki uku na Yankari, ya kama daga Taraba har cikin Adamawa ta wajen Toungo. Dutsen da yafi kowane tsayi a ƙasar nan, Chappal Waddi, mita 2,419, yana can kan iyaka da Kamaru. Amma ka tare mutum goma a Kano ko Sakkwato ka tambaye su, tara zasu ce maka Yankari suka sani da ruwan Wikki, na goman ma ƙila ya ɗauka sunan wani maganin gargajiya kake faɗa.

Mun yi rajista a ofis aka haɗa mu da ma'aikacin daji ɗaya, domin ba a shiga kai kaɗai, muka kama hanyar ƙauyen Gashaka. Hanyar ƙasa ce kuma akwai ƙetare ruwa, shi yasa suke cewa a zo da rani daga Disamba zuwa Maris, da damina koguna suna cika sai dai haƙuri. Bari in faɗi gaskiya kada wani yaje yace na yaudare shi, ba irin abinda ake nunawa a talabijin bane inda dabbobi ke tsaye a fili suna jiran kamara. Nan kurmi ne da duwatsu, dabba tana ganinka kafin ka ganta. Mun ga garken bika a bakin hanya ko a jikinsu, mun ga wasu birai baƙaƙe masu farin gashi da doguwar jela suna tsalle a saman bishiya, mun ga mazo ɗaya ya gilma, a bakin kogin Kam kuma muka zauna shiru har dorina ta ɗago kai ta hura ruwa ta koma, abokina da yake ta cika baki sai gashi a bayana. Ɓauna kam sawunta kawai muka gani da kashi. Birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, wanda saboda shi Turawa masu bincike suka yi shekaru suna zama a Kwano cikin dajin, ba mu ganshi ba, jagoranmu yace sai mutum ya kwana biyu ko uku yana tafiyar ƙafa kuma ko hakan sai da rabo. Tsuntsaye kuwa ba a magana, an ƙirga sama da iri 500 a dajin. Akwai kuma kufan ganuwar sojan Jamus a kan tudu kusa da ƙauyen Gashaka, duwatsun suna nan ciyawa ta rufe rabi.

Abinda yafi tsaya min a rai ba dabbobin bane, ruwan ne. Garau kana ganin kifi a ƙasa, ga sanyi, kuma waɗannan kogunan da ke fitowa daga duwatsun su ne ke zuba a kogin Taraba su tafi Binuwai. Wato mai noman rani da masunci a can ƙasa da basu taɓa jin sunan Gashaka ba suna cin albarkacin bishiyoyin nan. Kuma dajin yana shan matsi, an yi shekarun da masu saran madobiya da suke kira madrid suka addabi yankin ana lodawa ana fitarwa waje, ga masu haƙar ma'adinai ta bayan fage, ga mafarauta, ga shanu da ake turawa ciki, har ma'aikatan daji sun rasa rayukansu a wannan aiki. Tun 2017 wata gidauniya mai suna Africa Nature Investors ta shiga yarjejeniya da hukumar gandun daji ta ƙasa suna tafiyar da wurin tare, an ɗauki matasan yankin aikin tsaro an horar da su. Ni ban isa in yanke hukunci ko komai na tafiya daidai ba daga ziyarar yini ɗaya, kuma na san makiyayi da aka hana shiga da dabbobinsa shima yana da tasa maganar, to ai wannan shine aikin ɗan jarida, yaje ya ji ta bakin kowa ya kawo mana da Hausa.

Masu kuɗinmu suna kwasar iyali zuwa Dubai da Masar hutu, ba hassada nake ba kowa da aljihunsa, amma makarantun kuɗi da ke karɓar kuɗin yawon buɗe ido a hannun iyaye su kai yara shagon sayayya a Abuja fa? Idan hanyar Bali zuwa Gembu ta gyaru, aka samu masauki mai tsabta da ruwan zafi, ba abinda zai hana motocin ɗalibai zuwa. Gwamnatin tarayya da ta Taraba su ji wannan, 'yan majalisar yankin ma su ji.

Roƙona gare ku Edita, ku tura wakili ɗaya da mai ɗaukar hoto kafin ruwa ya sauka, su kwana biyu a Serti su shiga dajin, su hau Biyu da Sisi su kwana a Gembu, su rubuto mana kuɗin mota daga Jalingo da kuɗin shiga da inda ake kwana da wanda ake nema a ofis, don mai niyya ya san yadda zai shirya. Kuma ku gaya wa wakilin ya tafi da rigar sanyi biyu da safa, ni guda ɗaya na ɗauka sai da na sayi gwanjo a kasuwar Nguroje.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta daga Zariya