Godiya ga Asibitin Dabbobin da Ya Gano Ciwon Feret Ɗina

Zuwa ga Likita da dukan ma'aikatan asibitin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a bainar jama'a domin masu kiwon feret, wata 'yar dabbar gida mai dogon jiki mai kama da tunku, su ji irin aikin da kuka yi wa nawa, wanda ya haura shekara 4.

Gashinsa ya fara zuba daga gindin wutsiya, ya hau gadon baya, dama da hagu daidai wa daida, ga susa ba dare ba rana. Duk wanda ya gan shi sai ya ce kirci ne, a nemo maganin shafawa. Ku ba ku yi wannan gaggawar ba. Kun taje jikinsa kuna neman ƙuma, kun kankaro fata kun duba a madubin likita, kun ɗebi dattin kunne saboda ƙwarin nan da feret ke ɗauka daga kyanwa da kare, kun kuma gwada ko makero ne. Babu ko ɗaya.

Sai Likita ya zaunar da ni ya ce matsalar daga ciki take. Akwai wasu 'yan ƙwayoyi biyu kusa da ƙoda, adirenal, waɗanda a jikin feret da aka yi wa fiɗiya sukan kumbura su riƙa fitar da sinadaran jinsi fiye da kima, galibi daga shekara 3 zuwa sama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jin cewa a namiji ciwon kan kumbura ƙwayar prostate da ke wuyan mafitsara har fitsari ya gagara, kuma wannan ba ya jiran gobe. Hoton ciki ya tabbatar da zarginku.

Kun shimfiɗa mini zaɓi biyu: tiyata, ko ɗan maganin deslorelin mai kamar ƙwayar shinkafa da ake sakawa ƙarƙashin fata tsakanin kafaɗu. Na zaɓi na biyun. A nan ne kuka ƙara girma a idona, domin kun faɗa mini ƙarara cewa maganin yana danne alamun ciwon ne kawai, ba ya cire ƙarin da ke jikin adirenal ɗin, kuma idan ƙarfinsa ya ƙare sai an sake sakawa. Ba kowane mai sana'a ke faɗin iyakar kayansa ba.

Bayan wasu makonni susar ta lafa, gashi ya soma tsirowa.

Ina kuma gode wa malamar jinyar da ta gargaɗe ni kan yawan wanka, wanda ke busar da fatarsa ya ƙara masa ƙarni, da kuma kada in taɓa ɗiga masa maganin ƙuma na karnuka ba tare da na tambaye ku ba. Yadda ta riƙe shi ta ƙeya har ya yi laƙwas, shi da ba ya zama wuri ɗaya, har yau ban iya ba.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira. Sai mun zo duba na gaba.

Naku,
Wani mai kiwon feret