Lambar ɗalibi ta har abada: mu da muka koyi sana'a a gareji fa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, shirinku na rediyo na daren Talata ya ɓata mini rai, kuma gara in faɗa muku da in riƙe a ciki. Baƙon da kuka kawo ya ce wai idan aka fara bai wa kowane mai koyon sana'a lambarsa ta har abada, duk wanda sunansa bai shiga rumbun kwamfutar nan ba to ba shi da wata shaida, mai gabatarwa kuma sai gyaɗa masa kai yake yi da baki. Da wani bawan Allah ya bugo daga Jega yana tambaya ina makomar yaran da ke koyo a hannun ubangida, ko rufe baki bai yi ba aka ce lokaci ya ƙure. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci a daren, ita kuka katse.

Ni makaniken injin ban ruwa ne a Argungu. Kuma kada a ɗauka ina adawa da lambar nan, don babu wanda ya fi ni sanin zafin rashinta. Ina da takardar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago, na bi ta daga mataki na uku har na ɗaya, ba saye na yi ba. Ambaliyar 2020, wadda ta cinye shinkafar mutane a fadama, ta shiga ɗakina cikin dare. Akwatin ƙarfen da nake ajiye takardu ya kwana a ruwa. Da na buɗe shi, takardun sun manne wa juna, tawada ta narke, hotona ya zama fari fat, hatimin ja ne kaɗai ake iya ganewa. Na shanya su a kan tabarma, da suka bushe sai suka dinga marmashewa a hannu.

Ba a jima ba wani kamfanin casar shinkafa ya nemi wanda zai riƙa kula masa da injuna. Manajan ya san aikina, har gonarsa na taɓa zuwa na tayar masa da injin da ya mutu ana tsakiyar ban ruwa. Amma ya ce shi ma na sama da shi takarda suke so su gani. Na tafi neman kwafi. A wani ofis aka jawo mini wani tsohon littafin rajista da gara ta ci gefensa, muka bi layi-layi da yatsa. Aka samu suna mai kama da nawa, sai dai an rubuta sunan mahaifina da haruffan da suka bambanta da na katin ɗan ƙasa. Ma'aikacin ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da bai tabbatar ba, in koma in yi rantsuwa a kotu. Kafin in gama wannan zirga-zirgar an ɗauki wani. Yaron da aka ɗauka horon 'yan watanni ya yi, yana da satifiket mai sheƙi, kuma ban ga laifinsa ba, shi ma abinci yake nema. Har yau idan wani abu ya gagare shi yakan biyo ta garejina da yamma mu duba tare.

To kun ga da akwai lamba ɗaya da za a danna a ga cewa wane ya ci gwaji a shekara kaza, da ruwa bai cuce ni ba. Abin da nake faɗa a kansa shi ne yadda kuka ba da labarin rabi da rabi.

Baƙonku ya yi ta kafa misali da Ostareliya. Gaskiya ne, tun 1 ga Janairun 2015 duk mai karatun sana'a da gwamnati ta amince da shi a can sai ya mallaki wannan lamba mai haruffa da alƙaluma 10, kyauta ake bayarwa, kuma makaranta ba ta ba mutum takardar kammalawa sai da ita. Amma me ya hana shi faɗin cewa karatun da aka yi kafin 2015 ba ya fitowa a ciki? Me ya hana shi faɗin cewa a can yaron da ke koyo a wurin aiki yarjejeniya ake rubutawa tsakaninsa da maigidansa, a yi mata rajista, a haɗa shi da cibiyar horo? Wato tun ranar da ya fara riƙe sifana hukuma ta san da zamansa. Mu nan wa ya san da yaranmu?

Bari in gaya muku yadda ake koyo a wurina, tunda babu wanda ya faɗa a shirin. Uba ne zai riƙo hannun ɗansa ya kawo, ya ce ga amana. Yaron zai fara da wankin kabureta da fetur a gwangwanin tumatir, da goge filogi, da miƙo kayan aiki. Sai ya daɗe a haka kafin in bar shi ya kwance inji shi kaɗai. Ranar da ya saurari ƙarar inji daga nesa ya ce mini ringi ne ya tafi, na kwance na tarar haka ne, ranar nake fara tunanin yaye shi. Yayen kuwa goro ne da addu'ar liman da akwatin kayan aiki, sai wata takarda da muke bugawa a shagon kwamfuta da hoton yaron, in sa hannu, shugaban ƙungiyarmu ya sa. A Argungu da Augie da Gulma takardar nan tana da daraja don an san ni. Ya kai ta Birnin Kebbi ma kallonta kawai za a yi, balle Kaduna ko Abuja.

Tun da Shugaba Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Babban Banki a nan Kebbi a 2015, injunan ban ruwa suka cika bakin gulbin Rima. Su wa ke gyara su? Ina girmama 'yan Waziri Umaru Polytechnic, akwai masu ƙoƙari a cikinsu, amma ku zo fadama da rani ku ƙirga hannun da ke cikin baƙin mai, ku tambayi kowanne inda ya koya. Haka telolin kasuwa, haka masu walda, haka masu wayarin gida, haka matan da ke koya wa 'yan mata saƙa da ɗinki a cikin gidaje. Idan lambar ta tsaya a kan waɗanda suka shiga aji kaɗai, an ƙara ture mafi yawan masu sana'a gefe ne, wannan karon da kwamfuta.

Kuma ba wai babu hanya ba. Hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tana da tsarin NSQ, wanda a cikinsa ake iya gwada mutumin da ya koyi aiki a wajen makaranta a ba shi matakin da ya dace da hannunsa. Ga hukumar jarrabawar sana'a ta NABTEB, ga gwajin ma'aikatar ƙwadago. Ko sau ɗaya ba a ambaci wannan a shirinku ba. Da kun yi bayaninsa na minti biyar da kun amfani mutane fiye da duk labarin ƙasashen waje da aka sha mu da shi.

Sannan don Allah a tambayi masu shirya abin: sabuwar lamba ta mece ce? Mun bi layin BVN tun 2014. Mun bi na NIN, muka sake bi don haɗa shi da layin waya. Tun 2021 yaro ba ya rajistar JAMB sai da NIN ɗin nan mai alƙaluma 11. Ai ita ma ta har abada ce. A jingina shaidar sana'a a jikinta mana, maimakon a sake tara mu a rana, a sake rubuta sunan mutum ba daidai ba, gyaransa kuma ya zama wani aikin.

Wani abu kuma, tunda na samu dama. Tallan maganin gargajiyar nan da kuke sakawa a tsakiyar shiri ya wuce gona da iri. Ƙararsa ta fi ta shirin, tsawonsa ya isa a amsa kira biyu, kalmomin da mai maganin ke furtawa kuma ba na jin kunnen yara ba ne. A tsakar gida muke sauraro da iyali, sai mutum ya yi wuf ya rage murya. Da kun rage shi da mutumin Jega ya gama tambayarsa.

Ina roƙon ku maimaita shirin. Ku gayyato shugaban makanikai ko na teloli daga Argungu ko Yauri ko Zuru, ku zaunar da shi kusa da wancan baƙon, ku bar layin waya a buɗe har ƙarshe. Idan kun rasa wanda zai zo, ni zan biya kuɗin motata.

Wassalam.

Naku mai sauraro,
makaniken injin ban ruwa, Argungu, Jihar Kebbi.