Wasiƙa Kan Kumburin Kuncin Doki

Aboabo, Kumasi.

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso game da kumburin da ya fito wa akawal ɗinka a kunci. Don Allah ka dakatar da wanzamin da ka ce zai yi masa sakiya. Yadda ka siffanta ƙullin, mai tauri, yana motsi a ƙarƙashin fata, dokin kuma ba ya zabura idan an taɓa, ya yi kama da abin da ya sami dokina kili bara, wanda likitan dabbobi ya ɗauki hoto ya tabbatar tsakuwa ce ta toshe hanyar yawu.

Babbar maɓulɓular yawun doki tana ƙarƙashin kunne, hanyarta kuwa siririya ce, ta bi ta ƙasan muƙamuƙi, ta hau kunci, ta ɓulla cikin baki daura da turamen sama, wato haƙoran tauna. Idan ƙaiƙayi ko tsinken ciyawa ya maƙale a ciki, sai sinadarin alli da ke cikin yawu ya riƙa daskarewa a kansa sannu a hankali har ya zama dutse. Wanda aka ciro wa nawa ya kai girman ƙwan zabo, yana nan na ajiye shi.

Abin da ya sa nake jin tsoron sakiya shi ne, idan aka huda ta waje, sau da yawa ramin ba ya rufewa, sai yawu ya riƙa yoyo ta kunci duk sa'ad da dokin yake tauna, alhali dabba ce da kan fitar da kusan lita 40 a yini. Ga kuma jijiyoyin jini da suke tafiya tare da hanyar a gefen muƙamuƙi.

Likitan bai ma kayar da dokin nawa ba. Ya yi masa allurar kwantar da jiki da ta kashe zafi yana tsaye, ya buɗe bakin da ƙarfe, ya tsaga ta ciki, ya turo tsakuwar daga waje, ya bar wurin ba ɗinki. Ya ƙara da rigakafin tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, da maganin kumburi. Ni kuma na riƙa kurkure masa baki da ruwan gishiri, ina ba shi jiƙaƙƙiyar dusa, ban sa masa linzami ba sai da ya warke, ko da yake hakan ya ja mini rasa hawan sallah.

Idan likita ya zo, ka sa ya duba turamen ma, domin ruɓewar haƙori tana kawo kumburi a wannan wajen. Ina jiran jin abin da ya gano.

Naka amini.