Rahoton Ayyukan Shekarar 2024 ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Makanikai da Masu Bibiyar Tseren Motoci

Assalamu alaikum. Shugaba, dattawan ƙungiya, iyayen gidanmu na sana'a da sauran 'yan'uwa mambobi, kwamitin gudanarwa na gabatar muku da bayanin abin da aka yi a shekarar 2024, kamar yadda tsarin mulkin ƙungiya ya tanada.

Babban taron da ya gabata ya ɗora wa kwamitin ilimi aiki guda, wato ya karkata zaman nazarin wata-wata ga tseren miƙaƙƙen layi na ƙasar Amurka, wanda hukumar NHRA da Wally Parks ya kafa a 1951 take shiryawa. Tambayar da aka sa a gaba ita ce: me ya sa motocin ke ƙara gudu alhali kusan kowace sabuwar doka ana kafa ta ne domin a rage musu ƙarfi? Yawancin wannan rahoto amsar tambayar ce, domin a kanta aka kashe mafi yawan lokacin shekarar.

Zaman farko-farko sun tsaya a kan injin ajin Top Fuel da na Funny Car, wato azuzuwan motoci biyu mafi gudu a wannan tsere. Doka ta ƙayyade girmansa da kada ya wuce inci 500 na kubik, wato kimanin lita 8.2, kuma ƙirarsa ta samo asali ne daga injin Hemi na kamfanin Chrysler na shekarun 1960. Duk da haka, ana ƙiyasta ƙarfinsa da kusan doki 11,000. Sirrin yana cikin man da yake sha, wato naitirometen, wanda yake ɗauke da iskar oksijin a jikinsa: fetur yana buƙatar iska kimanin ninki 14.7 na nauyinsa kafin ya ƙone sarai, shi kuwa ninki 1.7 ya ishe shi, saboda haka ana iya ɗura mai yawan gaske a silinda ɗaya. Kowace silinda tana da fulogi biyu, kuma bayan kowane zagaye ana warware injin a sake ɗaure shi cikin abin da bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna ba. Wannan batu na ƙarshe shi ya fi jan hankalin ƙananan makanikanmu, kuma kwamiti ya yi amfani da shi wajen koyar da tsarin jera kayan aiki da rabon hannu a gareji.

Daga nan aka shiga tarihin dokokin, inda aka ga cewa mafi yawansu bayan hatsari aka rubuta su. A 1970 giyar motar direba Don Garlits ta tarwatse a filin Lions da ke Kalifoniya ta yanke masa wani sashe na ƙafar dama, sai ya dawo a 1971 da mota mai inji a bayan direba, tsarin da motocin Top Fuel ke bi har yau. Bayan rasuwar direba Darrell Russell a hatsarin tsere a 2004, hukumar ta rage yawan naitirometen a cikin mai zuwa kashi 85 cikin ɗari, kafin ta mayar da shi kashi 90 a 2008. A watan Yunin wannan shekara ta 2008 ne direba Scott Kalitta ya rasu a hatsarin tsere a Englishtown ta jihar New Jersey, lamarin da ya sa aka rage tsawon tseren waɗannan azuzuwa biyu daga rubu'in mil, wato ƙafa 1,320, zuwa ƙafa 1,000, domin direba ya sami ƙarin fili na tsayawa. An kuma wajabta na'urar da ke yanke mai ta buɗe laimar birki da kanta idan injin ya fashe. Ban da waɗannan, giyar baya a ƙayyade take a 3.20, akwai na'urar da ke hana injin wuce adadin juyawa, kuma an haramta wa kwamfuta sarrafa kamun taya. Aikinta kawai ta naɗi bayanai a duba bayan an sauka.

Abin mamakin shi ne, gudun bai ragu ba. Kenny Bernstein ya fara haura mil 300 a awa a Gainesville a 1992, a cikakken rubu'in mil. A gajeren layin kuwa, Robert Hight ya yi mil 339.87 a awa a Sonoma a 2017, Brittany Force ta kammala ƙafa 1,000 cikin daƙiƙa 3.623 a 2019, sannan a watan Nuwamban 2024 Austin Prock ya haura mil 341 a Pomona, wato kusan kilomita 550 a awa. Matsayar da kwamiti ya cim ma ita ce, idan doka ta rufe ƙofar girman inji da yawan mai, basirar masu ɗaure mota sai ta koma inda ba a rufe ba: saitin kuloci mai kamawa daki-daki, hanyoyin iska a kan silinda, yadda ake shafa gam a kan layin domin taya ta kama, da karanta zafi da damshin ranar. Wasu mambobi sun yi jayayya cewa dokokin sun sa motocin duk sun zama iri ɗaya, suka kawo misalin ajin Pro Stock na motoci masu shan fetur, inda a 2016 aka cire kafireta aka wajabta injekta, aka kuma tsayar da juyawar inji a 10,500 a minti. Kwamiti bai kore wannan ƙorafi ba, amma yana ganin ba a yi masa adalci ba idan aka manta da hatsarin John Force a Virginia a watan Yunin 2024, inda injinsa ya fashe yana gudun sama da mil 300, ya daki katanga, ya ji mummunan rauni a kai, amma ya rayu yana da shekara 75.

Sauran ayyukan ba su da yawa. An kalli manyan tseren kakar tare ta intanet, har zuwa lokacin da Antron Brown, Austin Prock da Greg Anderson suka ɗauki kambun azuzuwansu. An gudanar da horon gyaran injekta ga yaran gareji, ko da yake ƙarancin na'urar gwaji ya sa ba kowa ya taɓa da hannunsa ba. Fassarar dokokin kariya da aka yi alkawari ba ta kammala ba, an dai gama sashen hular kwano, bel da rigar wuta.

Ƙungiya na jaddada matsayinta cewa ba ta shirya tsere a kan titin jama'a, kuma duk mamban da aka samu da hannu a irin wannan za a gurfanar da shi gaban kwamitin ladabtarwa. Ma'aji zai karanta bayanin kuɗin shiga da na fita a rahotonsa na daban, kuma ana roƙon waɗanda ake bin su kuɗin wata su biya kafin babban taro, inda za a zaɓi sabon kwamitin ilimi a kuma yanke shawara kan sayen na'urar gwajin injekta.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.